Yadda Ake Tafiyar Mota Da Ƙananan Yara A Dogon Hutu: Daga Kano Zuwa Yankari

Dogon hutun makaranta yakan kama daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, wato tsakiyar damina. Wanda ya yi niyyar ɗebe iyali a mota zuwa gandun dajin Yankari a wannan lokaci ya san da wannan tun daga gida: ciyawa ta yi tsawo, ruwa ya wadata ko'ina a dawa, dabbobi ba sa taruwa a bakin kogin Gaji kamar yadda suke yi da rani. Mai son lallai ya ga giwa, ya jira hutun Disamba ko na Afrilu. Amma yaro ɗan shekara 4 ba giwa ce damuwarsa ba, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki da birai sun ishe shi labarin shekara guda.

Hanyar ita ce Kano, Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi, kimanin kilomita 300. Daga Bauchi a hau titin Gombe zuwa Dindima, a karya kwana zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan kuma akwai tafiyar kusan kilomita 40 a cikin dajin kafin a kai masaukin Wikki. A taƙaice dai sama da kilomita 400 ne. Direba shi kaɗai zai yi ta cikin awa shida. Da yara, ka lissafa awa takwas zuwa tara, kuma kada ka yi gardama da wannan lissafi.

Mota: mako guda kafin tafiya

A kai wa bakanike mota saura kwana bakwai, ba ana gobe tafiya ba. Gyaran da aka yi ana gobe tafiya shi ne yake kwancewa a Ningi. In an canja baƙin mai, an taɓa birki ko fambel, motar tana bukatar kwana biyu ko uku tana yawo a gari domin abin da ba a ɗaure da kyau ba ya bayyana kansa kusa da gida.

A duba taya huɗu da safaya. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tsohuwar taya tana iya zama da zane mai kyau alhali robar ta bushe, ita ce take fashewa idan kaya sun yi nauyi. Iska kuma a bi abin da ke rubuce a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, a yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 ne. Masu faci da yawa sukan ɗura 45 ko 50 da sunan wai tafiyar nesa ce. Ka tsaya a kansa ya gwada da geji a gabanka. Waifa sabuwa dole ce, kuɗinta bai kai na rabin tankin mai ba. Jak, sifana, abin kashe gobara, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, lasisi da takardun mota, duk jami'an kiyaye haɗurra za su tambaya, ga shingaye a hanya ba ɗaya ba, ba biyu ba. Lambar kiran hukumar ta gaggawa 122 ce, a adana ta a wayar maigida da ta uwargida.

Zaman yara

Yaro ba ya zama gaba, ko a kan cinya, ko shi kaɗai. Jakar iskar da ke gaban kujera an yi ta ne don ƙirjin babba, idan ta fashe a fuskar yaro illarta tana iya fin ta karon. Rungumar jariri a baya ma ba kariya ba ce: a karo da gudun kilomita 50 kacal, yaro mai kilo 10 yana fizgewa da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau da yawa, babu hannun uwar da zai riƙe shi. Jariri kujerarsa ta mota, tana kallon baya. Wanda ya girme ta amma bai kai tsawon da bel zai bi ta kafaɗarsa ba, a sa masa kujerar ƙarin tsawo, domin bel ɗin da ya bi ta wuya ko ta ciki shi ma rauni yake yi. Sababbin kujerun suna da tsada, na gwanjo suna aiki, in dai an juya ƙasansu an tabbatar babu tsagewa kuma maɗaurin yana kamawa da ƙara.

Ka buɗe ƙofar baya ka duba gefenta, akwai wani ɗan maɓalli. In ka tura shi, ƙofar ba za ta buɗu daga ciki ba. Ka kulle gilasan baya daga wajenka. Sannan kada a cusa yara biyar da 'yar aiki a kujerar mutum uku don kawai ƙanin uwargida ya ce shi ma zai je.

Lokacin tashi da abin da ke cikin yaro

A nan ne yawancin masu tafiyar farko suke ɓata komai, tun kafin su wuce gadar Wudil. An ce za a tashi bayan Asuba, sai a tsaya yi wa yara wanka ɗaya bayan ɗaya, a tsaya neman takalmi, a biya gidan Hajiya sallama, a biya gidan mai. Kafin a fita gari tara ta yi. Yara sun wartsake, rana ta ɗaga, kuma an cika musu ciki da ƙosai da kunu mai zafi ko waina da miya, saboda tunanin kada su ji yunwa a hanya. Awa guda ba za a yi ba wani zai ce cikinsa, kafin a sami wurin tsayawa ya wanke ɗan'uwansa da amai, warin ya tayar wa na biyun, shi ke nan tafiya ta zama jinya.

Ga yadda ake yi. Wanka, loda kaya, shan mai da sallamar dangi, duk a gama su da daddare. Yara su kwana da kayan da za su yi tafiya da su. Ana idar da sallar Asuba a ɗauke su da barcinsu a sa a mota, a yi addu'ar tafiya, ƙarfe shida ta same ku a kan titi. Awa biyu na farko kyauta ce, barci za su yi, kuma su ne awannin da suka fi sanyi da ƙarancin manyan motoci.

Kada a ba su komai mai maiƙo kafin tashi. Wanda ya farka, a ba shi busasshen biredi ko biskit marar zaƙi da ruwa kaɗan. Ciki wayam ma yana jawo tashin zuciya, don haka ba horon yunwa ake nufi ba, kaɗan-kaɗan ake nufi. Fura da nono, yogot, lemon kwalba, awara da soyayyen ƙwai su jira sai an isa. Dabino, ayaba da dafaffen dankali ba sa ba da matsala.

Dalilin aman kuwa ba lalacewar ciki ba ne. Can cikin kunne yana jin mota tana tafiya tana jijjiga, ido kuma yana kallon abin da ke tsaye cak, kamar bayan kujera ko fuskar waya. Saɓanin nan ne yake tayar da zuciya, kuma ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12. Shi ya sa miƙa wa yaro waya ya kalli katun don ya yi shiru shi ne babban kuskure: za a sami shirun minti ashirin, a biya da wankin kujera. Yaron da aka san yana amai a zaunar da shi a tsakiyar kujerar baya, inda zai riƙa hango titi ta gilashin gaba. A ɗan sauke gilashi iska ta shiga ko da esi yana aiki. A cire turaren mota, uwargida kuma ta haƙura da humra da turaren wuta a ranar, in sha Allahu ba za a rasa lokacinsu ba. Galan ɗin fetur ba ya shiga cikin mota sam.

Alamun suna zuwa kafin aman: yaro mai surutu ya yi tsit, yana hamma, yana haɗiyar yawu, goshi ya yi gumi mai sanyi. Da an ga haka a nemi fili a sauka daga kwalta gaba ɗaya, a fito da shi ya taka ƙasa na minti goma. Kada a ce bari a kai gari na gaba. Leda baƙa biyar ko shida su kasance a aljihun bayan kujera, ba a but ba, tare da tsohon zani, gorar ruwa ta wanki da kayan canji ɗaya ga kowane yaro. Shi kansa direba yana da hannu a ciki: taka birki da ƙarfi, fizgar mota da kauce wa ramuka da sauri sun fi gudun kansa tayar da zuciya. Maganin hana amai kuwa, sai da shawarar likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani, kuma irin su promethazine ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba. Masu ba yara maganin mura don su yi barci a hanya su daina.

Zango

Tsayawa duk bayan awa biyu, ko an nema ko ba a nema ba. Jariri ma bai kamata ya wuce awa biyu a kujerarsa ba tare da an ɗauke shi ba, shayarwa kuma sai mota ta tsaya. Birnin Kudu ce zangon farko, a nan ake karyawa da abin da aka zo da shi: shayi a filas, biredi, dafaffen ƙwai. Fo ɗin yara a but ya fi duk wani banɗakin tasha, a shimfiɗa leda a ciki, a gama a ƙulle. A kai kowa fitsari, har wanda ya rantse ba ya ji. Sai ɗan miƙe ƙafa a Ningi, sai Bauchi wajen sha biyu zuwa ɗaya: abincin rana, sallar Azahar, matafiyi kuma yana da rangwamen ƙasaru. A Bauchi ake cika tanki, a ciri tsabar kuɗi, a sayi katan ɗin ruwa, saboda sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a cikin dajin. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta ci sama da lita 80 zuwa da dawowa, da esi da kaya ka ƙiyasta 100.

Ku bar Bauchi kafin ƙarfe biyu. Hadarin damina ya fi haɗuwa da yamma, kuma ba a so Magariba ta riski mai iyali a hanya. In uku ta wuce kuna Bauchi, ku kwana. In ruwa ya tsuge har ba ka ganin gabanka, ka sauka gefe nesa da kwalta, ba ƙarƙashin bishiya ba, ka kunna fitilun gargaɗi. Ruwan da ke gudu a kan titi ba a gwada zurfinsa da mota. Ko wane irin uzuri ne kuma, ba a barin yaro a rufaffiyar mota.

Jakar magani

Ma'aunin zafi, farasitamol na ruwa, gishirin ORS, zinc, filasta, man korar sauro da gidan sauro ko da masauki ya ce yana da shi. Farasitamol da nauyi ake auna shi, miligiram 15 ga kowane kilo: yaro mai kilo 12 zai sha miligiram 180, wato mililita 7.5 na ruwan da ke da 120 a cikin mililita 5, kuma ba fiye da sau huɗu a yini da kwana ba. In ORS ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaran da ke karɓar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina, in tafiya ta faɗo bayan shan ranar farko, a tafi da na rana ta biyu da ta uku. Zazzaɓi ya kama, asibiti a yi gwaji. Akwai cibiyar lafiya ta tarayya a Birnin Kudu da asibitin koyarwa a Bauchi.

A Wikki

A kira a kama ɗaki tun kafin a taso. Birai a masaukin ba su da kunya, suna fizge leda daga hannun yaro, suna shiga ɗaki ko motar da aka bari a buɗe, don haka ba a cin abinci a waje, ba a ba su komai. Gadu ma yana yawo a harabar, kada yara su bi shi. Ruwan Wikki ɗumi ne kullum, kimanin digiri 31, garau har ana ganin yashin ƙasa, wannan ne kuma yake yaudara, domin ta wajen da yake ɓuɓɓugowa zurfinsa ya kusa mita 2. Yara su tsaya ta ƙasa inda ba zurfi, babba ɗaya a cikin ruwan kusa da su, ba a bakin gaɓa yana ɗaukar hoto ba. Zagayen kallon dabbobi da jagora ake yi, na safe ya fi wa yara, a sa musu dogon hannu mai haske saboda ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi.

Kwana biyu sun isa. Komawa ma ƙarfe shida ne, an loda kaya tun dare, jiƙaƙƙun kayan wanka a ledarsu daban, kuma a sake gwada iskar taya a Bauchi.