Yadda za ka tattara tarihin Diori Hamani daga bakin dattawan ƙasar Daura

Duk ɗalibin da aka ce ya zaɓi shugaban Afirka na zamanin samun mulkin kai ya yi kundi a kansa, sai ka ga ya ruga wajen Nkrumah ko Nyerere, ya kwaso abin da ke intanet ya miƙa wa malami. Ni da na koyar da tarihi a sakandare nan Daura har na yi ritaya, shawarar da nake ba su ita ce su ɗauki Diori Hamani, shugaban Nijar na farko. Daga Daura zuwa Kwangwalam, kan iyakarmu da Nijar, ba wata tafiya ba ce, kuma a Mai'aduwa da Zango da Baure har yau akwai tsofaffin da suka biya haraji a zamaninsa, da waɗanda suka yi fataucin gyaɗa a ƙasarsa, da iyayenmu mata da aka auro daga Matamaye da Magarya. Shaidun suna kusa da kai, amma ba za su jira ka ba: wanda yake saurayi a 1958 yanzu ya haura tamanin.

Kafin ka yi wa kowa sallama, rubuta shekarun mutumin a takarda guda ka haddace su. An haife shi ranar 6 ga Yuni 1916 a Sudure kusa da Yamai, Bazabarme ne. Ya yi makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, ya koyar a gida, har ya je Faris yana koya wa Turawa masu shirin zuwa mulkin mallaka Hausa da Zabarmanci. A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, reshen Nijar na RDA, gamayyar jam'iyyun ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka, kuma a shekarar aka zaɓe shi wakili a majalisar dokokin Faransa. Ya faɗi zaɓe a 1951, ya dawo a 1956. Ya karɓi ragamar gwamnati a Disamba 1958, ƙasa ta sami 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, soja suka kifar da shi ranar 15 ga Afrilu 1974, ya rasu a Rabat ta Maroko ranar 23 ga Afrilu 1989. Waɗannan shekaru su ne dirkokin rumfarka, abin da dattawa za su ba ka shi ne zanar da za ka ɗora a kai. In za ka bincika a intanet, da rubutun Faransanci za ka nemi sunayen: Djibo Bakary (Jibo Bakari), Seyni Kountché (Kunce), Zinder (Damagaram).

Sai neman mutane. Fara da mai gari ko mai unguwa, ka faɗa masa ko kai ɗan wane ne da abin da ya kawo ka, shi zai haɗa ka da yaron da zai raka ka. Riƙe goro, ko ɗan abin shan shayi. Da hantsi ko bayan la'asar ake zuwa. Kada ka je ranar Lahadi kana neman mutumin Mai'aduwa a gida, yana kasuwa. Tsofaffin direbobi, dillalan shanu da masu awon gyaɗa sun fi malaman boko amfani a wannan aiki, don su ne suka yi ta ƙetare iyaka. Tsofaffi mata kuwa, tura ƙanwarka ko abokiyar karatunka ta shiga cikin gida. Labarin yunwa da hijira a bakinsu yake. Kada ka kunna rikodar waya sai ka nemi izini, kuma wanda ya ce a sakaya sunansa, ka sakaya.

Yawancin ɗalibai a tambayar farko suke ɓata aikin. In ka ce, “Baba, Diori shugaban kirki ne ko azzalumi?” ka riga ka ba shi amsa biyu ya zaɓa, zai kuma zaɓi wadda yake zaton kana so. Ka ce, “Baba, Allah ya ƙara lafiya, lokacin da aka yi juyin mulki a Nijar kana ina, wace sana'a kake yi?” Ka bar shi ya bi hanyarsa, ko da ta biya ta aurensa na fari da farashin jaki. A kowace gaɓa ka tambaya a hankali: “Wannan da idonka ka gani, ko labari ka ji?” A gefen littafinka ka riƙa sa alama daban ga gani da ji.

Inda ya kamata ka daɗe shi ne ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso. Janar de Gaulle ya ba ƙasashen da Faransa ke mulka zaɓi: su ce i su zauna cikin tarayya da Faransa, ko su ce a'a su kama gabansu nan take. A lokacin ba Diori ne ke riƙe da gwamnatin Nijar ba, ɗan'uwansa ne kuma abokin hamayyarsa, Jibo Bakari na jam'iyyar Sawaba, wanda ya nemi a ce a'a kamar yadda Seku Ture ya yi a Gini. Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, sarakuna da dama suka juya wa Jibo baya, aka bayyana cewa masu i sun sami kusan kashi 78 cikin 100, alhali waɗanda suka fito jefa ƙuri'ar ba su kai rabin masu rajista ba. A 1959 aka haramta Sawaba, Jibo ya yi gudun hijira, PPN ta zama ita kaɗai ce jam'iyya. Ƙarfin Sawaba kuwa a ƙasar Hausa yake, cikin direbobi, ƙananan 'yan kasuwa da ma'aikata na Damagaram da Maraɗi da Tasawa, wato maƙwabtanmu. Saboda haka tsoho zai iya manta sunan jam'iyya amma ya tuna alama: giwa ta RDA, raƙumi na Sawaba. Tambaye shi ta nan. Ka kuma lura, 'yan NEPU na wannan ɓangaren su ma da sawaba suke kirari, kuma akwai zumunci tsakanin jam'iyyun biyu. Ka tabbatar wacce dattijon yake nufi kafin ka rubuta.

Zancen 1964 da 1965 yana buƙatar haƙuri. A ƙarshen 1964 'yan Sawaba da suka sami horon yaƙi a waje suka kutsa Nijar ta kan iyakoki, aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen kaso. A Afrilu 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin idin babbar salla a Yamai, ya tsira. Akwai gidajen da wannan zamani ya taɓa, har yau ba su son maganarsa da baƙo. In dattijo ya yi shiru, kada ka matsa. Ka sauya zance, ka dawo wata rana. Kuma kada ka kuskura ka rubuta babi daga bakin ɓangare guda. A ganina wanda ya ji 'yan giwa kaɗai zai fito da waliyyi, wanda ya ji 'yan raƙumi kaɗai zai fito da ɗan amshin shatan Faransa, kuma duka biyun sun gaza bayanin abin da ya yi lokacin yaƙin basasarmu. Faransa ta karkata ga Biyafara, Ayibari Kwas da Gabon sun amince da ita a matsayin ƙasa, shi kuwa ya tsaya tare da gwamnatin Gowon, ya kuma karɓi baƙuncin zaman sulhu a Yamai a Yuli 1968. Tsofaffin sojojinmu suna da abin faɗa a nan.

Tsoho ba ya ƙirga shekara da lamba, don haka ka tanadi ma'aunin da ya sani. Kafin a kashe Sardauna ne ko bayan nan? Wannan Janairu 1966 ke nan, shekarar da Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya hau gado. An yi canjin hannu a titi? Afrilu 1972. Da fam da sule ake ciniki ko da naira? Naira ta fito a Janairu 1973. Da waɗannan za ka iya ajiye kusan kowane labari a gurbinsa, musamman na gyaɗa: a Nijar kamfanin gwamnati, SONARA, shi ke da ikon cinikinta, kuma duk ɓangaren da farashi ya fi tsoka, can buhuna ke bi da dare. Mai ba ka wannan labari zai yi dariya ya ce wani ne ya yi, ba shi ba. Rubuta yadda ya faɗa.

Babin faɗuwarsa ka gina shi a kan fari. Ruwa ya yi ta ƙaranci tun ƙarshen shekarun 1960, abin ya kai maƙura a 1973: dabbobi suka ƙare, Buzaye da Fulani da manoma suka kwararo kudu, da yawa ta nan suka bi. Aka zargi manyan jam'iyya da karkatar da hatsin agaji, ɗalibai suka yi ta bore, shi kuma Diori yana tsakar neman Faransa ta ƙara kuɗin yuraniyom ɗin Arlit. Sai Laftanar Kanar Seyni Kunce, hafsan hafsoshin soja, ya karɓe mulki, sojojin Faransa da ke ƙasar ba su tsoma baki ba. A daren aka kashe matarsa, Hajiya Aissa. Shi kuma aka tsare shi a Damagaram har 1980, sannan ɗaurin talala a Yamai. Cikakkiyar walwala sai bayan rasuwar Kunce a 1987. Za ka ji masu cewa yunwa ce ta kayar da shi, da masu cewa yuraniyom ne, da masu cewa handamar mutanensa ce. Kawo kowanne da irin mutumin da ya faɗe shi da abin da yake dogaro da shi, sannan ka faɗi naka ra'ayin a fili cewa naka ne.

In aikin ya kai ka ƙetare zuwa Matamaye ko Kance, tafi da takardun shaidarka da wasiƙar makaranta, kuma ka bar siyasar yau a gida. Kowace hira ka juye ta a takarda a daren da ka yi ta, da Hausar mai maganar, kada ka gyara masa zuwa Hausar Kano. A saman shafi ka sa rana, gari, sana'arsa da kimanin shekarunsa. Muryar kuma ka tura ta imel ɗinka, ka ajiye kwafi a kwamfutar wani, don waya tana faɗawa ruwa.