Yadda za ka canza tiyon mai na mota ba tare da ka jawo gobara ba

In kana jin warin fetur daga tiyo ko ka ga ya tsattsage, zafin Gombe ne ya cinye robar, canza shi kawai.

Da farko faka motar a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da mai shayi da masu sigari, ka bari injin ya huce sosai. Sai ka zare fiyus ɗin famfon mai, ka tada mota ka barta har ta mutu da kanta. Wannan matakin yara ke tsallakewa a gareji, ai motar injekta man cikinta a matse yake, kana kwancewa zai feso maka a ido.

Cire kan batir na negatif. In za ka shiga ƙasa sa mata waigi, kar ka yarda da jak kaɗai.

Tara roba a ƙasa, naɗe bakin tiyon da tsumma, sassauta kilif ka murɗa a hankali. Tafi da tsohon tiyon shago a baka daidai girmansa, kuma na fetur, don Allah banda tiyon ruwa.

Ɗaura sabo da sabon kilif, kar ya taɓa salansa. Maida fiyus da batir, murɗa makulli sau 3 ba tadawa, ka shafa mahaɗar da yatsa. In a bushe take sai ka tada.