Yadda Ake Sayen Tsofaffin Fayafayan Kiɗan Su Beethoven ta Intanet

Na sha ganin masu sha'awar kiɗan Turawa na gargajiya, irin na su Beethoven da Mozart da Bach, sun sayi faifan garmaho uku ko huɗu ta intanet, sannan su watsar da harkar. Kusan duk abu ɗaya ke korarsu: faifai ya iso yana ƙarar tsartsar.

Da farko, san abin da kake nema kafin ka buɗe shafukan saye da sayarwa na intanet irin su Discogs ko eBay. Kiɗa ɗaya makaɗa barkatai sun naɗe shi, don haka riƙe sunan jagoran makaɗan, da kamfanin, da lambar faifan. In sabon shiga ne kai, fara da fayafayan kamfanin Deutsche Grammophon mai rawayen tambari, ko na kamfanin Philips bugun Holan. Kiɗe-kiɗen Beethoven tara da jagoran makaɗa Karajan ya naɗa da makaɗan Balin, suka fito a 1963, an buga su da yawan gaske, shi ya sa har yau suna da sauƙin kuɗi. Bugun farko na kamfanin Decca masu lambar SXL kuwa, bar su sai ka ƙware. Tsadarsu ba ta ɗan koyo ba ce.

To ga inda ake faɗuwa. Masu sayarwa suna auna lafiyar faifai da haruffa: NM kusan sabo, VG+ ya ɗan sha hannu, VG ya sha sosai. A kiɗa mai ganguna da amo, VG na iya wucewa, domin kiɗan yana danne ƙarar. Wannan kiɗan ba haka yake ba. Akwai wuraren da fiyano kaɗai ke tafiya a hankali kamar raɗa, a nan kowane ɗan karce yake fitowa fili. Na taɓa sayen faifan fiyano mai VG, a hoto yana sheƙi, na ɗora allura sai ka ce ana suyar ƙosai a bayan makaɗin. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na daɗe ina jiransa. Tun daga ranar ba na sauka ƙasa da VG+, in fiyano ne ko goge tilo sai NM.

Harafin ma kada ka tsaya a kansa. Tambayi mai faifan kai tsaye: da ido ka duba, ko ka saurara? Yawancinsu da ido ne, ido kuma ba ya ganin ɓarnar da tsohuwar allura ta yi a cikin layukan faifai. Ka roƙe shi ya saurari wurin da kiɗan ya fi sanyi, da kuma ƙarshen gefe kusa da tambari, inda sauti ya fi saurin lalacewa. Wanda ya ƙi amsawa, wuce shi. Ka nemi hoton ƙananan lambobin da aka zana a gefen tambari, su ke nuna ainihin bugun.

Kuɗin aikowa kan fi na faifan kansa, saboda haka haɗa biyar ko shida wurin mutum ɗaya. Ka ce ya zare faifan daga kwalinsa kafin ya ɗaure, kada ya tsaga bakin kwalin a hanya. Kauce wa fayafayan da ke juyi sau 78 a minti ɗaya, fashewa suke yi, allurarsu ma daban. In saƙon ya iso, karɓo shi ranar, don zafi yana lanƙwasa faifai. A jingine shi a tsaye cikin inuwa, kada a bar shi a mota.