Kurakuran da ke kayar da na'urar mota a gwajin katsalandan

Na'urar lantarki ta mota tana iya aiki lafiya lau a kan teburin injiniya, a kai ta ɗakin gwaji ta faɗi warwas. Abu biyu ake dubawa a can. Kada ta fitar da hayaniyar lantarki da za ta dami rediyon motar da sauran masu karɓar sigina, wannan aikin ƙa'idar CISPR 25 ne. Kada kuma ta rikice idan hayaniyar waje ta same ta, wannan na jerin ISO 11452 ne. A ganina, yawancin faɗuwar daga wuri ɗaya take: an san hanyar da wuta ta bi ta fita, ba a tambayi ta inda za ta dawo ba.

Sabon mai bincike allon na'urar yake fara zargi, ya kwana yana canza kafasita, wato ƙananan sassan da ke ajiye caji. Alhali allon da bai wuce tafin hannu ba ya yi ƙanƙanta ya zama eriyar kirki a ƙananan zanguna. Damin wayoyin da ke fita daga cikinsa shi ne eriyar. A megahaz 100, tsakiyar zangon FM, tsawon igiyar mita 3 ne, don haka waya mai santimita 75 ta kai rubu'insa, ta isa ta watsa hayaniya sosai. Wutar da ke yin ɓarnar kuwa ita ce wadda ta bi dukkan wayoyin ta fuska ɗaya sannan ta dawo ta ƙarfen mota, kuma 'yan mikro'amfiya kaɗan sun isa. Gyaran na farawa da awo: a maƙala ma'aunin wuta mai baki ya rungume damin gaba ɗaya, a gani ko zangon da ya faɗi ya bayyana. In ya bayyana, a sa wa damin zoben ferit, wanda ke danne hayaniya, a sake aunawa. In hayaniyar ta sauka, an kama ɓarawon.

Kuskure na biyu ɗan uwan na farko ne. Ana sayen waya mai rigar ƙarfe ta tare hayaniya da tsada, a zo bakin soket a murɗe rigar kamar wutsiya a ɗaure ta da noti. Kowace milimita ta siririyar waya tana da kimanin nanohenri 1, ma'aunin yadda waya ke turje wa wuta mai saurin canzawa. Wutsiya mai santimita 5 ta zama nanohenri 50 ke nan, wato turjiyar kusan om 30 a megahaz 100. Mitar awon wuta za ta nuna maka an haɗu, amma wutar batir take aunawa, ba ta san abin da ke faruwa a manyan zanguna ba. Rigar zagaye take so, ta kama jikin akwatin ta kowane gefe. Wannan ya fi tsanani a motocin lantarki masu batirin bolt 400 ko 800, inda inbata, mai juya wutar batir don injin, ke kunnawa da kashewa cikin ƙiftawar ido. Haka ma a kan allo: tsaga shimfiɗar jan ƙarfen da ke ƙarƙashin layin sigina yana tilasta wa wutar dawowa zagaye, zagayen kuma eriya ne.

Masu zaɓen na'urar rage bolt su ma suna jefa kansu. Matsakaicin zango na rediyo, wato AM, yana tsakanin kilohaz 530 da kusan 1700, shi ya sa ake kunna irin waɗannan na'urori ko dai wajen kilohaz 400 ko sama da megahaz 2. Wanda ya zaɓi 400 kada ya saki jiki, ninkinsa na biyu da na uku suna cikin zangon tsundum. Matatar da ke tace hayaniya kuma a bakin soket ake sa ta. In ta yi nisa, hayaniyar sai ta tsallake ta ta iska.

Akwai kuma laifin da ba na na'urar ba, na mai gwajin ne. CISPR 25 ta ƙayyade komai: mita 1.5 na damin waya a miƙe, milimita 50 sama da farantin ƙarfe, eriya a nesan mita 1, hayaniyar ɗakin kanta aƙalla desibel 6 ƙasa da iyaka. Mutum ya matsar da waya da hannu tsakanin awo biyu, sannan ya rubuta cewa gyaransa ne ya yi aiki! A ɗauki hoton shimfiɗar, a canza abu ɗaya kacal kowane zagaye. Kada kuma a gwada na'urar tana zaune ba aiki. A ɗora mata nauyinta, manhajarta na gudana, layin CAN, wanda na'urorin mota ke sadarwa ta kansa, na magana da om 120 a kowane ƙarshe.

Wanda aka fi mantawa shi ne cewa layin bolt 12 na mota ba shiru yake ba. Idan kan batir ya fice alhali altanato na caji, wutar na iya haurawa kusan bolt 100 na tsawon da ya kai milisakan 400 in babu abin da ya danne ta. ISO 16750-2 ta bayyana wannan bugun, ISO 7637-2 kuma ta bayyana gajerun da rile, wato makunnin lantarki, da ƙananan injinan lantarki ke haifarwa. Diyod ɗin kariya, mai danne bugun wuta, da aka zaɓa don ɗan gajeren bugu zai ƙone a dogon, don haka a lissafa ƙarfin da zai shanye tun kafin a zana allon, a kuma bar masa wuri kusa da soket.