Shawara ga mai son rage nauyin babur

'Yan uwa, in za ku rage wa babur nauyi, ku fara da ƙafafu. Kilo ɗaya da aka cire daga taya ya fi tasiri a kan wanda aka cire daga jiki, domin taya juyawa take yi, ita ce kuma ke shan gargada kafin kowa. Sai batir: na litiyam bai kai rabin nauyin mai ruwa ba, amma a tambayi makaniki ko cajin babur ɗin zai ɗauke shi. Salansa marar nauyi kuwa sau da yawa sai an sake saita kafireta, in ba haka ba injin ya riƙa zafi. Faifan sarƙa na alminiyam ban cika son sa ba, ƙura da yashi na saurin cinye haƙoransa. Birki dai kada a taɓa.