Motar da za ta kai ka aiki Litinin, ta shiga filin tsere Asabar

Ɗan ƙanwata da ke zaune a Faransa ya bugo mini waya cikin azumin bara, ya ce, "Kawu, na tara ƴan kuɗi. Ina son motar da zan riƙa zuwa aiki da ita, ranar Asabar kuma in shiga filin tsere. Wacce ta fi gudu?" Na ce masa ya ajiye zancen gudu tukuna. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina kwance ƙarƙashin mota a garejina nan Maraɗi, kuma fataucin kayan gyara ya sha kai ni Dubai da Sharja, a can na fara taka filin tsere. Abin da na gaya masa a daren nan shi ne zan shimfiɗa a nan.

Ga wanda bai san abin ba, a Turai da ƙasashen Larabawa da Afirka ta Kudu masu filayen tsere kan ware rana su buɗe wa kowa ƙofa. Ka biya kuɗi, ka sa hular kwano, ka shiga da motarka mai lamba da takardu, wadda ka tuƙo daga gida kuma da ita za ka koma. Babu kofi, babu na ɗaya. Filin da ya fi suna shi ne Nurburgring na Jamus, zagaye guda kilomita 20.8 cikin daji da hawa da gangara. Na Dubai an buɗe shi a 2004, tsawonsa kilomita 5.39. Akwai Kiyalami kusa da Johannasbag, akwai ɗaya a Senegal ba nisa da Dakar. Mu nan ba mu da shi, shi ya sa samarinmu ke huce takaicinsu a hanyar Ɗan Isa ranar rakiyar amarya, tsakanin amalanke da ƴan kabu-kabu. Ragowar irin waɗannan motoci garejina ake jawo su, don haka kada a ce ni na aiki kowa.

Abu na farko da za ka tambaya game da mota shi ne nauyinta. Ni da ƙafata na koyi wannan. Wani abokin cinikina ya ba ni aron motarsa a ɗaya daga filayen can, ƙatuwa baƙa, ƙarfinta ya haura doki 400, nauyinta ya kusa tan biyu. Zagaye uku na yi ina jin kaina sarki. A na huɗu, ƙarshen miƙaƙƙen layi, na taka birki sai ƙafata ta nutse har ƙasa kamar na taka danƙo. Na sake, na ƙara takawa, ya ɗan kama, amma kwanar ta riga ta wuce ni. Na miƙe cikin fegin da aka bari a bakin kwanar domin ire-irena, na tsaya hannuna na rawa, wani wari kamar na ƙonannen gashi ya cika motar.

Laifina ne, ni makanike da ban tambayi yaushe aka canza man birki ba. Birki ba ya komai illa mayar da gudu zafi. Idan nauyin mota ya ninka, zafin ya ninka. Idan gudu ya ninka, zafin ya ninka huɗu. A gari sau nawa kake taka birki da ƙarfinka duka? Wataƙila sau ɗaya a wata, ranar da akuya ta gitta. A fili kuwa kowane ƴan daƙiƙoƙi ne. Shi kuma man birki shan danshin iska yake yi a hankali. Sabon man birki mai lamba DOT 4 ba ya tafasa sai ya haura digiri 230, amma wanda ya sha danshi yana iya tafasa tun daga wajen 155. Da ya tafasa sai kumfa ta shiga bututu, kumfa kuwa matsewa take yi, ƙafarka ta tafi ƙasa mota ba ta ji ba. Saboda haka kafin ranar, zubar da tsohon gaba ɗaya ka zuba sabon DOT 4 mai jure zafi, ko DOT 5.1 wanda ke kai 260. Ka kula da kyau, DOT 5 marar ɗigo da ɗaya wani abu ne dabam, ba a haɗa shi da sauran. Takalman birki kuma, idan sun cinye rabi, cire su ka ajiye don gari.

Wannan ne ya sa ƙananan motoci marasa nauyi suka mamaye irin wannan rana. Mazda MX-5 tun 1989 ake ƙera ta, ta wuce miliyan ɗaya a 2016. Ta yanzu nauyinta tan ɗaya ne da ƴan kai, babban injinta doki 184, kuma tayoyin baya ke tura ta. Ba za ta tsorata kowa a miƙe ba, amma za ka yini kana zagaye birki bai gaji ba, taya ba ta narke ba. Abin lura ɗaya, buɗaɗɗiya ce, wasu masu shirya ranar ba sa barin irinta sai an ɗaura ƙarfen kariya bayan kujera. Tambaya kafin ka biya.

Da ni za a saya wa, Toyota zan ɗauka, GT86 ta 2012 mai doki 200, ko ƙanwarta GR86 mai injin lita 2.4. Rufinta na ƙarfe ne, kuma idan ka kwantar da kujerun baya tayoyi huɗu na shiga, ka tafi da na fili ka dawo da na gida. Ta farkon da gangan aka sa mata siraran tayoyi don baya ya riƙa zamewa tun gudu bai yi yawa ba, mai koyo ya ji yadda mota ke magana kafin ta yi faɗa.

Motocin da tayoyin gaba ke ja ma ba na raini ba ne. Renault Mégane R.S. Trophy-R ta zagaye Nurburgring cikin minti 7 da daƙiƙa 40 a 2019, Honda Civic Type R ma ajinsu ɗaya, kuma ita ƙofa huɗu gare ta, uwargida ba za ta yi ƙorafi ba. Sai dai irin waɗannan tayar gaba suke ci kamar gara, don ita ke ja, ita ke juyawa, ita ke ɗaukar yawancin birki. Wanda ke Faransa, tsohuwar Renault Clio R.S. ta ishe shi, kayan gyaranta ko'ina.

Daga nan sai na masu hannu da shuni. Alpine A110 da aka fara ƙerawa a garin Diyef na Faransa a 2017, kilo 1,100 ko kusa da haka, injin a tsakiya. Porsche Cayman GT4 mai doki 420, da yayarta 911 GT3 mai 510, wadda injinta ke juyawa har sau 9,000 a minti kuma ta zagaye Nurburgring ƙasa da minti 7. An yi su ne domin wannan aikin, ba musu. Amma mai koyo a cikin GT3 kamar yaro ne a kan ingarman hawan salla, dokin ne ke tafiya da shi. Kuma kuɗin tayoyinta huɗu kaɗai zai sa ka riƙa ɗaga ƙafa a kowace kwana.

Masu tunanin kawo irinsu Maraɗi, ku auna ƙasan motar tukuna. GR86 santimita 13 ne tsakaninta da ƙasa. Ku tuna tudun rage gudu na cikin gari, da rairayin unguwa, da ruwan Agusta. Manyan kuma man fetur mai lamba 98 suke so, man kwalba na bakin hanya kashe su zai yi.

Taya. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen jerin da ke bayan haruffan DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Mu da muka saba da tayar gwanjo mukan duba zane kawai, alhali roba tana bushewa ko da zanen na nan. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida, ko mai faci a gefe, ban yarda ta shiga fili ba. Ka tafi da ma'aunin iska naka, domin taya na ɗaukar zafi iskarta na hawa. Auna ta da zarar ka fito, ka rage ta dawo daidai, da yamma kuma kafin ka kama hanyar gida ka mayar da abin da ka rage.

Baƙin mai ya cika har alamar sama, don a doguwar kwana gefe guda yake taruwa, famfo ya zuƙi iska. Wanke lagireto, duba robobin ruwa. Duk wanda ya taɓa tuƙi zuwa Tasawa da tsakar rana a watan Afrilu ya san abin da zafi ke yi musu. Ɗaure notocin taya. Kwashe duk abin da ke yawo a mota, har tabarmar ƙafa, kada kwalbar ruwa ta gangara ƙarƙashin birki. Kada ka huda salansa don ƙara, filaye da yawa suna auna ƙara su kori mai hayaniya. Inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ta biyan abin da ya faru a fili, kuma a Nurburgring idan ka daki shingen ƙarfe kai za ka biya gyaransa.

Ranar kanta, saurari bayanin safe ko da kana jin ka iya. Tuta rawaya rage gudu, ba wuce kowa. Ja, an tsayar da komai, a koma a hankali. Shuɗiya, wani ya fi ka sauri, ba shi hanya. Baƙa, kai ake kira ka fito. Idan akwai malami, biya shi ya zauna gefenka, ya fi duk wani ƙarfe da za ka ƙara wa mota amfani. Bar na'urar hana zamewa a kunne. Gama birki mota na miƙe kafin ka karya sitiyari, idonka kuma ya kasance inda kake son zuwa, don hannu ido yake bi. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya isa zama guda, zagayen farko na ɗumama, na ƙarshe na hucewa ba tare da taka birki sosai ba. Da ka tsaya kada ka ja birkin hannu, faifan yana da zafin da takalmi zai manne masa ya bar tabo, daga baya ka ji sitiyari na karkarwa. Sa ta a giya, buɗe bonet, ka sha ruwa.

Yaron nan dai tsohuwar Clio ya saya. Bayan fitarsa ta biyu ya turo mini hoton takalmin birki ta tsakanin ƙarafan taya, wai ko zai kai ta uku. Na ce masa hoton nan na waje kawai ya nuna mini. Ya ɗaga motar, ya cire tayar, ya leƙa na ciki wanda ke jikin fistin, don sau da yawa shi ke riga cinyewa. Da ya leƙa, saura kaurin kwali ya kai ƙarfe.