Yadda na buɗa wa ƙafata wuri a tsohuwar Fijo 504

Takalmina lamba 46 ne, Fijon da na gada wajen Baba kuwa ba a yi fedojinta, wato birki da kuloci da totur, don irinmu ba. Wata rana ina gangarowa daga Tudun Wada na taka birki, gefen takalmina ya haɗa da totur. Allah ya kiyaye.

Fara da awo. Mota a kashe, ka sa takalmin da kake tuƙi da shi, ka ɗora ƙafa kan birki, ka ga inda take gogar maƙwabtanta. Ni yatsa uku nake so tsakanin kowace feda da 'yar'uwarta. Wani ma sauya takalmi kawai zai yi, ya huta.

Idan bai isa ba, kuloci za ka matsar hagu, totur kuma dama. A kwance fedar kulocin gaba ɗaya, mai walda ya yanke faifan da ake takawa, ya mayar da shi gefe kamar santimita 2. Nawa a Farin Gada, a Jos, aka yi.

Birki kuwa, kada ka yarda a taɓa shi. Wani yaron gareji ya ce mini, “Oga, mu gasa ƙarfen mu lanƙwasa.” Na ce a'a. Wuta tana raunana ƙarfe, kuma nan ne kake zuba duk ƙarfinka ranar da akuya ta faɗo titi.

Bayan an ɗaura, ka sa sababbin robobi, ka taka kowace feda har ƙasa, ka tabbata tana dawowa ba ta kama kafet ba. Sannan ka gwada a fili kafin ka hau titin Bauchi.